Ba a kai baƙo turaka: hujja a kan kwamfutar kwaikwayo

A shagunan gyaran kwamfuta, tun daga layin Beirut da ke Kano har zuwa Computer Village da ke Ikeja, akwai hukunci guda da aka fi yanke wa kwamfutar da ta soma nauyi, ko ta soma buɗe shafukan da ba a aike ta ba: a wanke ta. Mai gyara zai kwashe abin da ya iya kwashewa, ya goge faifan ajiya tas, ya ɗora Windows sabuwa, sa'an nan ya zaro filas daga aljihu ya jibga mata manhajojin da ba a biya kuɗinsu ba, waɗanda shi kansa bai san hannu nawa suka bi kafin su iso gare shi ba. Mai kwamfuta ya biya, ya yi godiya, ya tafi. Bayan wata shida ya dawo da ciwon da ya kawo shi tun farko.

Mai wannan zirga-zirga sau da yawa mutum ne mai ilimi. Lauya ne da ke riƙe da takardun gadon marayu, ko akanta mai lissafin albashin ma'aikata, ko likita mai ajiye bayanan marasa lafiya, ko malamin jami'a da sakamakon jarrabawar ɗalibai ke hannunsa. A cikin kwamfutar nan guda yake shiga asusunsa na banki. A cikinta yake buɗe duk takardar da aka turo masa ta WhatsApp. A cikinta ɗansa ke sauke wasanni da daddare, a cikinta kuma aka girka manhajar sata wadda ta nemi a kashe mata manhajar tsaro kafin ta yarda ta zauna. Mutumin da ba zai taɓa barin baƙon da bai sani ba ya wuce zaure shi ne ya miƙa wa kowace manhaja makullin turakarsa.

Wannan sakaci ne, kuma ba shi da uzuri, domin maganinsa kyauta ne tun shekarar 2007. Sunansa kwamfutar kwaikwayo: kwamfuta ta biyu da ake ginawa da manhaja zalla a cikin wadda ake da ita. Duk wanda ke ci da kwamfuta, kuma yake riƙe da amanar wasu a cikinta, ya kamata ya iya kafa guda, kamar yadda direba ya kamata ya iya sauya taya.

Abin da ake nufi da ita

Kwamfuta tana da kayan aiki uku da komai ya dogara a kansu: furosesa mai yin lissafi, ram mai riƙe aikin da ake kai a halin yanzu, da faifan ajiya mai adana fayiloli ko an kashe wuta. A ka'ida babbar manhaja guda, wato Windows ko Linux ko macOS, ita ke mallakar su duka. Akwai kuwa wani nau'in manhaja da aikinsa rabo ne: ya yanki wani kaso na furosesa, da wani kaso na ram, da wani fili a faifai, ya haɗa su ya miƙa wa wata babbar manhajar dabam, ita kuwa ta ɗauka cewa kwamfuta sukutum ta samu. Masana fannin suna kiran ta asali mai masauki, ta biyun kuma baƙuwa.

Baƙuwa tana kunnuwa, tana kasuwa, ana girka mata manhajoji, tana iya kamuwa da bairos. Sai dai duk faifanta fayil ne guda babba da ke zaune a cikin mai masauki. Ana iya kwafe shi zuwa wani wuri, ana iya goge shi cikin daƙiƙa kaɗan. Abu mafi amfani shi ne ana iya ɗaukar hoton yanayinta a lokacin da take lafiya ƙalau. In wani abu ya ɓata ta daga baya, sai a mayar da ita kan wancan hoton, ta koma daidai yadda take a ranar. Aikin da ake kai wa mai gyara ya yi yini guda a kansa, a nan bai wuce minti ɗaya ko biyu ba, kuma ba ya taɓa fayil ko ɗaya na mai masauki.

Dabarar ta girmi akasarin masu tsoronta. Injiniyoyin IBM a cibiyarsu ta Kambirij da ke jihar Massachusetts ta Amurka ne suka soma ta a shekarun 1960 da tsarin CP-40 da CP-67, domin a raba katafariyar kwamfuta guda ga mutane da yawa. A 1972 kamfanin ya fito da VM/370. A 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg suka wallafa sharuɗɗan da furosesa zai cika kafin a iya raba shi ta wannan hanya. Furosesoshin kwamfutocin gida ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, shi ya sa aka daɗe ana ganin abin ya fi ƙarfinsu, har sai da VMware ta samo hanyar zagayewa ta fitar da Workstation a 1999. Daga nan Intel a 2005 da AMD a 2006 suka gina tallafin wannan aiki a cikin furosesa kansa. A farkon 2007 aka saki VirtualBox kyauta ga kowa, aka kuma shigar da KVM cikin zuciyar Linux. Abin da ake kira gajimare a yau a kan wannan tubali ya tsaya: lokacin da Amazon ya soma ba da hayar kwamfutoci ta intanet a 2006, kwamfutocin kwaikwayo yake bayarwa, bisa manhajar Xen da ta fito daga Jami'ar Kambirij ta Ingila. Wanda ke amfani da manhajar banki a wayarsa, da wuya ya yini bai yi mu'amala da irin waɗannan kwamfutoci ba.

Uzurori huɗu

Na farko shi ne wai aikin injiniyoyi ne. Kafa baƙuwa a VirtualBox bai wuce amsa tambayoyi kaɗan ba: wane suna za a ba ta, wace babbar manhaja za a ɗora mata, ram nawa za ta samu, faifai nawa. Mutumin da ya iya cike takardar neman biza ta intanet, ya iya haɗa jadawalin lissafi mai shafi goma, ba zai ce waɗannan tambayoyi sun gagare shi ba. Abin da ke hana shi al'ada ce ta ɗaukar cikin kwamfuta a matsayin wurin da mai mutunci ba ya leƙawa, sai dai ya aika yaro. Wannan girman kai yana da tsada, kuma waɗanda suka ba shi amanar takardunsu su ke biya.

Na biyu shi ne wai kwamfutar ba ta da ƙarfi. Wannan uzurin yana da ƙamshin gaskiya, don haka ya cancanci lissafi. Kwamfuta mai ram gigabait 4 za ta sha wuya, domin Windows kaɗai na cinye mafi yawansa. Mai gigabait 8 tana iya ba baƙuwa uku ko huɗu ta ci gaba da aikinta. Mai 16 tana ɗaukar baƙi biyu ba tare da ta yi nishi ba. Yawancin tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su na hannu, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, suna da gurbin ƙara ram, kuma ana iya sauya musu faifai mai juyawa da na SSD, wanda shi ne ke kawo bambancin gudu mafi girma. Kuɗin waɗannan gyare-gyare biyu bai kama ƙafar kuɗin sabuwar kwamfuta ba. Akwai kuma nau'o'in Linux marasa nauyi, kamar Xubuntu da Lubuntu, da ke wadatuwa da gigabait 2.

Na uku shi ne wai akwai manhajar tsaro a kai. Manhajar tsaro mai gadi ce da ta fi gane ɓarawon da ta taɓa ganin fuskarsa. Tana da amfani, kuma bai kamata a cire ta ba. Amma mai kwamfutar da ya kashe ta da hannunsa domin manhajar sata ta samu zama ya riga ya sallami mai gadin a daidai daren da ake bukatarsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa: wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa makullin manhaja mai tsada ya watsa ta kyauta, akwai yiwuwar ya ɗora mata abin da zai biya shi wahalarsa, ko mai satar kalmomin sirri ne, ko mai garkuwa da fayiloli.

Na huɗu shi ne wai babu abin da za a sata. Mai wannan magana yana lissafa abin da yake nasa ne, ya manta da na mutane. A Nijeriya, Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan wasu alhakin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukumar da ke kula da lamarin cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ko da babu doka, akwai amana. Mara lafiyar da sakamakon gwajinsa ya fita duniya ba ruwansa da cewa likitansa bai san kan kwamfuta ba.

Abin da ya sa lamarin ya matso

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya rufe tallafin Windows 10, tare da ƙarin wa'adin shekara guda ga mutanen da suka yi rajistar wani shiri na musamman. Windows 11 kuwa tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesan da bai tsufa ba, a ɓangaren Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Ɗimbin kwamfutocin da ke aiki lafiya a ofisoshi da gidaje ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Za su ci gaba da kunnuwa, amma duk ɓarakar da aka gano bayan wa'adin za ta zauna a buɗe.

An riga an ga abin da buɗaɗɗiyar ɓaraka ke jawowa. A watan Mayun 2017 manhajar garkuwa da fayiloli ta WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Birtaniya har aka soke dubban alƙawuran ganin likita. Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su liƙa shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon Windows 10 bayan wa'adin ba mai yi masa yaɓe.

Masu sayar da kaya suna da amsarsu, wato a sayi sabuwa. Masu gyara suna da tasu, wato a yi dabara a tilasta wa Windows 11 zama a inda kamfaninta ya ce ba ya ɗaukar alhaki. Kwamfutar kwaikwayo tana ba da hanya ta uku, mai matakai biyu. Da fari a ɗora Linux Mint ko Ubuntu a matsayin baƙuwa, a yi aiki da ita na wasu makonni, a ga ko LibreOffice ya wadatar, a ga abin da ya rage da sai Windows. In an gamsu, sai a juya lamarin: Linux ta zama mai masauki, tana samun faci a kai a kai, tsohuwar Windows kuma ta koma baƙuwa da aka yanke wa intanet, ana buɗe ta kawai domin manhajar lissafi ko ta zane da ba ta da madadi. Tsarin matakan yana da muhimmanci. Baƙuwa lafiyayya a cikin mai masauki mai ciwo ba ta tsira ba, domin mai masauki na ganin duk abin da aka buga a allon rubutu.

Yadda ake kafa ta

Abu na farko shi ne a tabbatar an kunna tallafin da ke cikin furosesa. Wasu kwamfutoci suna zuwa da shi a kashe. A Windows, Task Manager yana nunawa a shafin furosesa ko a kunne yake. In a kashe yake, sai a shiga saitin BIOS lokacin da kwamfuta ke tashi, yawanci da maɓallin F1 ko F2 ko F10 ko Del, a nemi VT-x a kwamfutar Intel, ko SVM a ta AMD.

Sai zaɓen manhajar rabo. VirtualBox, wadda Oracle ya gada a 2010, kyauta ce, sai dai ƙarin kunshinta mai suna Extension Pack yana da lasisi dabam wanda bai halatta amfani da shi a harkar kasuwanci kyauta ba, abin da ya kamata mai ofis ya lura da shi. VMware Workstation Pro ta zama kyauta a 2024. Hyper-V tana cikin Windows nau'in Pro da Enterprise da Education, babu ita a Home. A waɗannan nau'o'i akwai kuma Windows Sandbox, wadda aka ƙara a 2019: baƙuwa ce ta wucin gadi da ke mantawa da komai da zarar an rufe ta, daidai da bukatar mai son buɗe takarda guda da yake zargi. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, kuma wannan baƙuwar ta cika sunan. A Linux akwai KVM tare da QEMU, wadda Fabrice Bellard ya soma a 2003. Masu Mac na zubin M1 zuwa sama suna da UTM da Parallels, amma furosesansu na gidan ARM ne, don haka baƙuwar da za ta yi gudu a kansa sai wadda aka gina domin ARM. Wanda ya ga ɗan koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox a Windows, alama ce cewa Hyper-V ta riga ta kama furosesa, shi ya sa baƙuwar ke jan ƙafa.

Babbar manhajar da za a ɗora, daga shafin masu ita za a sauke ta. Fayil ɗin yakan kai gigabait uku zuwa shida, kuɗin data ne na sau ɗaya, kuma ana iya kafa baƙi goma da shi. Windows a cikin baƙuwa tana bukatar lasisinta kamar kowace Windows. Kada a ba baƙuwa fiye da rabin ram ko rabin ƙarfin furosesa. Da zarar an gama girkawa da sabuntawa, kafin a buɗe komai a cikinta, a ɗauki hoton yanayi na farko.

Sai ƙofofi, kuma a nan ne akasarin masu farawa ke rusa abin da suka gina. Manhajar rabo tana ba da damar buɗe jakar fayiloli ta tarayya tsakanin mai masauki da baƙuwa, da damar kwafo rubutu daga wannan zuwa waccan. Kowace ɗaya daga cikinsu ƙofa ce daga zaure zuwa cikin gida. Manhajar garkuwa da ta shiga baƙuwa za ta kulle duk fayil ɗin da hannunta ya kai, har da na jakar tarayya. Wanda ya buɗe wa baƙuwa dukkan jakar takardunsa domin sauƙi bai raba komai ba. A ware jaka guda ƙarama, in ya yiwu a sa ta ta zama ta karantawa kawai. Haka ma hanyar sadarwa: tsarin NAT, wanda VirtualBox ke farawa da shi, ya isa ga aikin yau da kullum, tsarin gada yana sa baƙuwa ta zama cikakkiyar na'ura a kan layin gida ko ofis, tana ganin sauran kwamfutoci, suna ganinta. Baƙuwar da za a buɗe abin zargi a cikinta, a cire mata sadarwa gaba ɗaya.

Ba laya ba ce

Masu zuzuta wannan fasaha ma suna da nasu laifin, domin sukan sayar da ita kamar maganin ƙarfe. Bangon da ke tsakanin baƙuwa da mai masauki manhaja ce, manhaja kuwa tana da kurakurai. A 2015 an gano ɓarakar da aka laƙaba wa VENOM a sashen QEMU mai kwaikwayon tsohon faifan fulofi, wadda za ta iya ba mai kutse damar tsallakowa daga baƙuwa. A watan Janairun 2018 aka bayyana Spectre da Meltdown, waɗanda suka nuna cewa furosesa kansa yana iya fallasa sirri ta ƙetaren bango. Irin waɗannan hare-hare suna da wuya, ba su ne ke cin ofishin lauya a kullum ba, amma su ne dalilin da ya sa dole a riƙa sabunta manhajar rabo ita ma.

Akwai wasu iyakoki mafi kusa. Wasu miyagun manhajoji suna gane cewa a cikin baƙuwa suke, sai su yi lamo, don haka abin da bai nuna hali a zaure ba ba a ce ya samu shaidar shiga gida ba. Baƙuwa ba ta hana mutum rubuta kalmar sirrinsa a shafin banki na bogi. Ba ta halatta manhajar sata. Hoton yanayi kuma ba ajiyar ko-ta-kwana ba ne, domin a faifai ɗaya yake zaune da baƙuwar; in faifan ya mutu ko aka sace kwamfutar, tare za su tafi. Ajiya ta gaskiya tana kan wani faifai dabam da ake cirewa a ajiye. Ɗaukewar wutar lantarki tana iya lalata faifan baƙuwa in tana tsakiyar rubutu, don haka kwamfutar cinya mai batir mai rai ta fi ta tebur da ba ta da na'urar riƙe wuta.

Duk waɗannan iyakoki hujja ce ta koyon abin da kyau. Joanna Rutkowska, masaniyar tsaron kwamfuta 'yar ƙasar Polan, ta gina babbar manhaja sukutum mai suna Qubes OS a kan wannan ra'ayi, ta fitar da ita a 2012: tunda ba za a iya hana kowace ɓarna ba, a raba rayuwar mutum ɗaki-ɗaki yadda gobarar ɗaki ɗaya ba za ta cinye gidan ba. Ma'aikaci na gari ba ya bukatar ya kai can. Ɗaki biyu ko uku sun ishe shi: mai masauki tsaftatacciya domin banki da takardun amana, baƙuwa guda domin gwaji da abin da aka turo daga waje, wata kuma marar intanet domin tsohuwar manhajar da aikinsa ya dogara a kanta.

Akwai alhaki a wuyan makarantu da ƙungiyoyin ƙwararru. Sashen koyar da kwamfuta da ke cewa ba shi da ɗakin gwaji, alhali ɗalibansa na ɗauke da kwamfutocin da kowace za ta iya riƙe saba da abokin hulɗarta a lokaci guda, ya rasa niyya ne kafin ya rasa kuɗi. Ƙungiyoyin lauyoyi da akantoci da likitoci da ke tara mambobinsu domin horon shekara-shekara suna iya ware awa biyu ga wannan darasi, su rage yawan takardun mutane da ke kwana a kan teburin mai gyara. Kafin su farga, mai kwamfuta ba ya bukatar izinin kowa. Yammacin Asabar guda ya isa ya duba BIOS, ya sauke Linux Mint, ya kafa baƙuwarsa ta farko, ya ɗauki hoton yanayinta, sa'an nan ya ɓata ta da gangan ya mayar da ita yadda take, domin ya san hanyar tun kafin ranar da zai bukace ta.